Godiya ga masu shagon kayan zane na Samaru, musamman Baba

Assalamu alaikum jama'a. Ni ba mai yawan rubutu ba ne a nan, ɗan kasuwa ne, yadi nake sayarwa a Funtua, amma wannan karon na ga in ban fito na yi godiya a bainar jama'a ba to ban kyauta ba. Godiyar tawa ga wani ɗan ƙaramin shagon kayan zane ce a Samaru ta Zariya, inda ɗaliban sashen zane-zane na Jami'ar Ahmadu Bello ke sayayya, musamman dattijon da ke zama a ciki wanda yaran suke ce wa Baba. Ban kama sunan shagon ba saboda ban nemi izininsa ba, kuma yadda na ga halinsa ba lallai ya so ba.

Ƙanwata ce ke karatun, tun rasuwar mahaifinmu ni nake riƙe da ita. Yarinya ce da tun tana firamare ba ta barin bayan littafi ya huta, kullum tana zana wani abu, shi ya sa da ta ce zane za ta cike a JAMB ban hana ta ba duk da surutun da aka yi ta yi a dangi. Wasu suka ce wa ke cin zane, wasu suka ce ƙarshenta rubutun allon shago, wasu kuma suka kawo maganar zanen abu mai rai, wannan kam magana ce ta malamai kuma mun je mun tambaya, ba ita ta kawo ni nan ba.

Abin da mutane ba su sani ba shi ne wannan karatun yana cin kuɗi ba kaɗan ba. Ɗan wani kwas ɗin in ya samu handawut da biro ya gama, ita kuwa kowane aikin da aka ba su sai an sayi kaya, fensir iri-iri su 2B da 6B, gawayin zane, takarda mai kauri, allon ɗora takarda, buroshi manya da ƙanana, fentin ruwa, daga baya a zo kan fentin mai da kambas, wato yadin da ake zane a kansa, ga kuma yumɓu da waya da filasta in an shiga ɓangaren sassaƙa, don a farkon karatun kusan komai sai kowa ya taɓa kafin ya zaɓi inda zai tsaya. Yawancin fentin nan kuma daga waje ake shigo da su, to tun da dala ta yi tashin nan a 2023 kowa ya san yadda kayan waje suka koma.

Kafin mu san shagon nan wallahi mun sha wuya. Akwai inda muka je a wata kasuwa, ba zan faɗi wurin ba, na miƙa wa yaron shagon takardar jerin kayan, ko kallon kirki bai mata ba ya hau jibgo mana kaya yana ta danna kalkuleta. Da ta je makaranta ta buɗe kwalin fentin sai ga wasu sun daskare a cikin bututun, ka matsa ka matsa ba abin da ke fitowa sai ɗan mai, buroshin kuma tana shafawa gashinsa na zubewa yana manne wa aikin. Na mayar musu aka ce min wai kaya in ya fita ba ya dawowa. Wannan duk bai ƙona min rai ba kamar maganar da yaron ya yaɓa mata ranar farko, wai Hajiya duk kwasa-kwasan da ke jami'a ki rasa na karantawa sai zane, yana faɗa yana dariya. Haba jama'a. Kai da ke cin abinci da sayar da kayan zane kai ne kuma mai raina masu zanen? Yarinyar nan har muka shiga mota ba ta ce uffan ba. Wani wurin kuma da sun ga ba ka san kan kayan ba shikenan kakarsu ta yanke saƙa, farashin da za su gaya maka daban da wanda za su gaya wa na bayanka.

Wata 'yar ajinsu ce ta yi mata kwatancen shagon Baba. Na shiga ne da shirin rigima gaskiya, raina a ɓace tun daga gida. Dattijon nan ya amsa sallama, ya sa aka ba mu benci, ya karɓi takardar ya saka tabarau ya bi ta layi-layi, sannan ya dubi ƙanwata ya ce 'yata aji nawa kike, me aka ce ku zana. Da ta gaya masa sai ya ɗauki biro ya hau soke abubuwa. Ni na zata babu su ne a shagon, ashe cewa yake ba ta buƙatarsu yanzu. Ya ce kar ku sayi babban kwalin nan mai launi barkatai, rabi za su bushe ba ta taɓa su ba, ta ɗauki ja da shuɗi da rawaya da ruwan ƙasa, sai fari babba don shi ne ke saurin ƙarewa, sauran launukan ta haɗa da hannunta, ai koyon haɗin shi ne karatun. Ya nuna mana na kamfanin Winsor & Newton na Ingila, ya ce akwai na ƙwararru akwai na ɗalibai, na ɗaliban ya ishe ta, in ta fara sayar da aikinta ta dawo ya ba ta mai tsadar. Kowane bututu sai da ya buɗe ya ɗan matsa a gabanmu muka gani da idonmu. Buroshi kuma ya tsoma a ruwa ya nuna mata yadda bakin mai kyau ke haɗewa ya yi tsini, ya ce a nan kam kar a bi araha, gara guda uku na kirki da goma na banza.

Inda ya gama da ni shi ne maganar kambas. Yana da wanda aka riga aka ɗaure a kan katako, yana rataye a shagon, da ya ce mu saya da mun saya. Da ya ji sana'ata sai ya yi dariya ya ce ɗana ai kai ne mai kambas ɗin, ka yanko mata akoko mai kauri daga shagonka, kafinta ya haɗa mata firam, ta ja yadin sosai ta buga, sannan ta shafe shi da farin fentin bango da aka gauraya da gam, ta bari ya bushe ta ƙara shafawa, haka ɗalibai ke yi kuma in ba a yi shafen ba yadin zai shanye man fentin ya lalace. Ni ɗan kasuwa ne, na san abin da ake nufi da mutum ya ga ciniki a hannunsa ya sake shi da kansa. Mu nawa ne a cikinmu za su iya haka? Shimfiɗar fuska dai an ce ta fi ta tabarma, to shi ya haɗa da gaskiya.

Sauran mu'amala lafiya lau, farashi ɗaya ga kowa, ana ba da rasit, ana karɓar tiransifa.

Amma ba ciniki kaɗai yake yi ba, yaran nan kamar jikokinsa ya ɗauke su. Shi ya gaya mata ta rinƙa wanke buroshin fentin mai da kananzir sannan da sabulu, kar ta bar shi a tsaye a kan gashinsa cikin gwangwani. Shi ya ce mata lokacin hunturu in tana aikin yumɓu ta rufe shi da jiƙaƙƙen tsumma da leda in ba haka ba kafin safiya iskar Zariya ta tsattsage shi, kuma fentin mai ba a yi masa gaggawa, kwanaki yake ɗauka kafin ya bushe, kar ta bari sai daren miƙa aiki. Akwai lokacin da aka zo ƙarshen zango kasuwa ta tsaya min cak, ga aikin da za a ba su maki a kai, ta je tana ta kame-kame a bakin shagon, ya gane, ya ba ta kayan ya rubuta a littafi, ya ce ki gaya wa yayanki kar ya tayar da hankalinsa. Da na samu na kai masa ko sisi bai ɗora ba.

Kuma a bakinsa na fara jin darajar wurin da ƙanwata ke karatu. Ranar da na ba shi labarin surutun dangi ya ce in je in gaya musu tun kafin a kafa jami'ar a 1962 ake koyar da zane a Zariya, a tsohuwar kwalejin da ta zama jami'ar, kuma a nan ne a 1958 wasu ɗalibai su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo da Demas Nwoko suka kafa ƙungiyarsu, suka ce za su koyi dabarun Turawa amma abin da za su zana daga al'adun gida zai fito, kuma yau duk inda ake maganar zanen Najeriya sai an ambace su. Abin da ya tsaya min a rai shi ne dukkansu daga kudu suka taho har Zariya suka ɗebi ilimin, mu da abin ke ƙofar gidanmu muna nan muna tambayar wa ke cin zane.

To wai yaushe muka fara raina aikin hannu ne? Masallacin Juma'a na cikin birnin Zariya Babban Gwani Muhammadu Durugu ne ya gina shi da ƙasa a zamanin Sarki Abdulkarimu, har gobe masana gini na zuwa kallonsa. Adon da ke bangon fadar Zazzau mutum ne ya zauna ya zana. Aikin wuyan babbar riga da ake sayen ta da tsada, aska takwas da sauransu, sai da wani ya fitar da zanen kafin allura ta bi. Ka ciro naira 20 ka juya bayanta, Ladi Kwali ce zaune tana ginin tukunya, matar da jami'ar nan ta Zariya ta ba digirin girmamawa a 1977. Amma yau ka shiga makarantun gwamnati da yawa ba malamin zane ba kayan zane, yaro mai baiwa sai dai ya yi ta ɓata bayan littafi ana dukansa. A kasuwa kuma jabun kaya sun cika ko'ina, ba mai dubawa ba mai hanawa, kuma ba a kayan zane kaɗai ba, mu ma a layin yadi akwai masu sayar da roba su rantse maka auduga ce, ina faɗa ne don na sani. An mayar da cutar wanda bai san kaya ba ita ce wayo, mai gaskiya kuma a ce bai iya kasuwa ba.

Yanzu ƙanwata ta zaɓi ɓangaren fenti, ta fi son zana tsofaffin gine-gine da kasuwa, akwai wani zanen Ƙofar Doka da ta yi na rataye a shagona, masu sayen yadi har tambaya suke ko na sayarwa ne. Iyaye da yayye masu yara a wannan sashen, in za ku yi sayayya ku tura yaran su tambayi 'yan gaba da su a aji, za a nuna musu wurin.

Baba, na san ba ka hawa Facebook, amma na roƙi yaron shagonka ya karanta maka. Na gode, mahaifiyarmu ma ta ce a gaishe ka da kyau. Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana, ya sa albarka a kasuwa, ya shirya maka zuri'a. Ƙorafi ɗaya gare ni, allon da ke saman ƙofar shagon ya koɗe har ba a iya karanta shi, mutum sai ya wuce bai gani ba, ga ɗaliban zane cike da shagon kullum. Ƙanwata ta ce in ka yarda wannan hutun za ta sake rubuta shi, katako da fenti a wuyana.

Naku,
wani mai sayar da yadi daga Funtua