Zuwa ga ɗana, kan cin abinci a waje

Assalamu alaikum.

Ɗana, bayan gaisuwa da fatan kana cikin ƙoshin lafiya, mahaifiyarka ta faɗa mini kai da abokan aikinka kun fara zagaya gidajen abinci a ƙarshen mako, kuna ɗanɗana girkin ƙasashen da ba ku taɓa takawa ba. Ita hankalinta ya ɗan tashi, ni kuwa daɗi na ji. Babban birni yana tara masu girki daga ko'ina, Indiyawa, Turkawa, 'yan Sin, 'yan Labanon, kuma wanda ya yi shekaru a cikinsa bai ci komai ba sai abin da ya saba da shi tun yarinta, ya cuci kansa. Ka ci gaba. Roƙona ɗaya ne: kada kunya ta hana ka tambaya.

Na san yadda abin yake. A miƙo maka takardar jerin abinci, rabin sunayen ba ka taɓa jinsu ba, abokai na kallo, mai sabis na tsaye da biro a hannu, sai ka ɗora yatsa kan wani layi don kada a ce baƙauye ne. Matambayi ba ya ɓata. Ka ce masa, malam, me aka sa a ciki? Naman mene ne? Da wane mai aka soya? Aikinsa ke nan, in bai sani ba ya shiga kicin ya tambayo kuku. Masu girkin Faransa da Italiya sukan zuba giya a miya, kuma dahuwa ba ta ƙone ta duka. A girkin Sin akwai giyar shinkafa da kitsen alade a abincin da ba za ka zata ba. Kayan zaƙin nan masu rawa kamar daskararren romo, sau da yawa sinadarin da ke kama su daga fatar alade ake samo shi. Babu ɗaya cikin waɗannan da ido zai nuna maka. Haka nan idan cikinku akwai wanda jikinsa ba ya karɓar gyaɗa ko jatan lande, ya faɗa tun kafin a ɗora tukunya, domin wannan kan toshe numfashi cikin 'yan mintoci.

Inda baki bai isa ba, ido ya yi aiki. Wurin da jama'a ke shiga suna fita, abincinsa ba ya kwana. Na fi yarda da gidan da ke da abinci kala goma da wanda ya jera kala ɗari, don mai ɗari dole yawancinsu sun daɗe a firji suna jiran mai saye. Ka leƙa banɗakinsu kafin ka yi oda. Wanda bai tsabtace inda baƙo zai gani ba, da wuya ya tsabtace inda aka hana baƙo shiga.

Abin da ya fi damuna shi ne dogon teburin nan da ake jera abinci kowa ya ɗiba da kansa. Ƙwayoyin cuta sun fi hayayyafa tsakanin digiri 5 da digiri 60 na ma'aunin Selsiyos, wato abincin da ba zafi ba sanyi, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada dafaffen abinci ya wuce awa biyu a ajiye haka. A rahotonta na 2015 ta ƙiyasta mutum miliyan 600 ke kwanciya ciwo duk shekara saboda gurɓataccen abinci, 420,000 kuma su rasu. Saboda haka mai zafi ya zama yana tururi, mai sanyi ya zama da sanyinsa. Ka fi kula da shinkafar da ta huce ta daɗe: akwai ƙwayar cutar da dahuwa ba ta kashe irinta, tana fitar da guba, kuma ɗumame ba ya karya gubar. Yankan naman sa guda, cutarsa galibi a bayansa take, wuta na cinye ta ko da cikin ya rage ja. Niƙaƙƙen nama da kaza kuwa sai sun dahu har ciki. In an kawo maka da jini-jini, ka mayar cikin ladabi.

Taurarin da mutane ke bayarwa a Google Maps kada su ruɗe ka, ana sayen yabo. Ka karanta ƙorafin baya-bayan nan, ka ga ko mutane daban-daban abu guda suke kuka da shi. Ko taurarin Michelin da ake ji da su, waɗanda ake ba fitattun gidajen abinci, kamfanin taya ne na Faransa mai wannan suna ya fara buga littafinsu na jagorar matafiya a 1900 don direbobi su yawaita tafiya, taurarin suka biyo baya a 1926. Suna nuna gwanintar kuku, amma ba su san aljihunka ba.

Idan an kawo takardar kuɗi, ka karanta ta layi-layi. Wasu wuraren suna ƙara haraji da kuɗin sabis a kan farashin da ka gani, kuma al'adar tukuici ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, ka tambayi yadda ake yi. Ku yi maganar wanda zai biya tun kafin ku zauna, musamman in da mai ƙaramin albashi a cikinku, kada ya ci abinci zuciyarsa na bugawa.

Sai mai sabis. Mutumin nan tun safe yake tsaye, kuma ba shi ya dafa ba. Ka gaishe shi, ka kalli fuskarsa, kada ka tafa masa hannu ko ka yi masa tsawa a gaban abokanka. In ya kyautata maka, ka sa masa tukuicin a hannunsa. Abin da ya rage a faranti ka ce a ƙunshe maka, ka sa a firji da zarar ka isa gida.

Mahaifiyarka tana gaishe ka, ta ce ka rage lemon kwalba. Ka rubuto mini wane girki ya fi burge ka zuwa yanzu. Allah ya yi maka albarka, ya tsare.

Mahaifinka