Wasiƙa daga Damagaram: a daina aika ƙarfen inji cikin buhu

Malam Edita, assalamu alaikum, ina gaida ka da abokan aikinka, Allah ya ƙara basira. Ni makanike ne a nan Damagaram, garajina na Sabon Gari, na haura shekara ashirin hannuna cikin baƙin mai, kuma dan Allah ka ba ni ɗan fili in yi magana da ƴan uwana makanikai da direbobi da ƴan kamasho a kan wani abu da ya daɗe yana ci min tuwo a ƙwarya, wato yadda muke ɗaure manyan ƙarafan inji in za mu tura su wajen masu tur, wato injin yankan ƙarfe, a gyara.

Kowa ya sani in inji ya kama, ko kulas, wato kan inji, ta lanƙwashe saboda zafi, ba duka ake iya gamawa a gida ba, da yawanmu Kano muke turawa don ta fi kusa, kilomita ɗari biyu da wani abu ne ta Matameye da Ɗan Barto a faɗa Daura, wasu kuma ta Magarya suke bi, Yamai kuwa kusan kilomita 900 ce. Ko lokacin da aka rufe boda bayan juyin mulkin watan Yuli na 2023 mun ga yadda motoci suka yi ta kwana a garaji ana jiran ƙarfe ɗaya. To tunda tafiyar ta zama dole, ai ya kamata a ce mun iya shirya kayan, amma wallahi har yau yawanci buhu ne da igiyar roba.

A daminar bara wani bawan Allah daga Tanut ya kawo min Land Cruiser mai injin 1HZ, silinda shida, da ita yake ci da iyalinsa. Kusine ya kama ya ci bilbirki, wanda Kanawa ke ce ma karanshaf, wato sandar ƙarfen da ke juyawa a ƙasan inji, kusine kuma shi ne siririn ƙarfen da wuyanta ke juyawa a kai. Muka tura Kano aka yanka shi a 0.25, wato aka rage kaurin wuyansa da kwatan milimita, kuma maganar gaskiya wanda ya yi aikin ya iya, yankan ya fita sumul. Amma da za a dawo da shi sai aka zura shi cikin tsohon buhun siminti aka jefa saman mota, aka ɗora babur a kai, ruwa kuma ya dake su a hanya. Ranar da na buɗe buhun nan a tasha sai da jikina ya mutu, tsatsa ta yi ja a wuya biyu, na uku kuma akwai sara kamar an doka gizago. Mai motar yana tsaye kusa da ni bai ce komai ba, ya dai cire hula ya riƙe. Dole aka mayar aka sake yankawa a 0.50, an biya kuɗin aiki sau biyu kuɗin mota sau huɗu, motar ta ƙara sati uku a tsaye, kuma abin da ya fi min ciwo shi ne bilbirki ba a yanka shi har abada, yanka kaɗan gare shi a rayuwarsa, an ƙona masa guda ɗaya a banza a kan hanya.

Mutanen tasha ba mugunta suke yi ba, su dai sun ga ƙarfe ne mai nauyi, a tunaninsu me zai samu ƙarfe. Abin da ba su sani ba, tazarar da ke tsakanin wuyan bilbirki da kusine ba ta kai kaurin gashin kai ba, mai ne kawai ke ratsawa ta wurin, in farce ya ji ƙarzuwa a wuyan nan to kusine ma zai ji, kuma cikin ƴan kwanaki fitilar mai za ta fara kamawa. Ƙarfen da aka gama yankawa kuma tsirara yake, danshin dare ɗaya ya ishe shi ya yi tsatsa. Shi ya sa dawowa ta fi tafiya haɗari, a nan ne kuɗin mutum ke zubewa.

Tun daga ranar nan ban sake aika bilbirki ba akwati ba. Na je wajen wani kafinta a bayan Kasuwar Dole ya haɗa min akwatin katako mai kauri, da ƴan gungume uku a ciki da aka sassaƙe musu baki kamar kwari, wuyan tsakiya da na gefe biyu su zauna a kai, murfin kuma da noti ake ɗaure shi ba ƙusa ba, don akwatin ya je ya dawo ya sake zuwa. Kafin a sa shi ana wanke shi, a shafe kowane wuya da giris, a naɗe da tsumma mai tsabta sannan leda, a yanka tsohon tub na babur a ƙara naɗewa. Gwajin da nake yi sauƙi gare shi, ni da yarona mu ɗaga akwatin mu jijjiga, in na ji ƙwas ko kaɗan to ba a gama ba, sai an cusa katako ko kwali har ya yi shiru. Abin da ke motsi cikin akwati shi ke fasa akwatin, duk wanda ya bi hanyoyinmu ya san ramukan da ake faɗawa. Kuɗin akwatin kuwa bai kai rabin kuɗin yanka ɗaya ba.

Kulas kuma fuskarta ce rayuwarta, musamman ta alminiyom da ke kan ƙananan motocin yanzu, taushi gare ta, ko kan ƙusa ya goge ta sai juwan, wato shimfiɗar da ke toshe tsakaninta da gangar inji, ya ƙi riƙewa ruwa ya shiga mai. A yanka falankin filawud daidai girmanta a rufe fuskar, a ɗaure ta ramukan noti, in akwai buji ko injekta da suka leƙo a cire su tukuna. Kada a tura ta da ƙananan kaya a warwatse cikin kwali ɗaya, supap, wato bawul, da sifirin kowane a ƙulle shi daban da lambarsa.

Bulok, wato gangar inji, shi ke da wani tarko da ko makanikai wasu ba su kula da shi ba. Hulunan nan da ke riƙe bilbirki a ƙasa, tare da bulok ɗin aka huda su tun daga kamfani, kowace da gurbinta da inda take fuskanta, ta wani inji ba ta shiga wani. Na sha ganin an kwance su an zuba cikin leda, ɗaya ta ɓace a hanya, shi kenan bulok lafiyayye ya koma sai an sake huda layin gaba ɗaya in ma an samu mai yi. A mayar da su gurbinsu a ɗaure notinsu kafin a tura, haka ma hulunan biyal, wato sandunan da ke haɗa fistan da bilbirki. A tsiyaye mai da ruwa tas, don na taɓa ganin baƙin mai ya tsiyaya kan buhunan niyabe, wato wake, na wani ɗan kasuwa, rigimar sai da ta kai gaban shugaban tasha. Sannan a zaunar da bulok a kan katako mai faɗi a ɗaure shi da shi, a ƙasan mota kusa da bayan direba, ba saman kaya ba, ba kuma a kan tsohuwar taya kawai yana rawa ba.

Wajen saukewa ma akwai magana, ƴan dako yara ne masu neman na abinci, a ba mutum biyu abin da ya kamata huɗu su ɗauka, in ya gagare su sai su sake shi ƙasa, ko ƙafar wani ta tafi ko kunnen bulok ya ɓalle. A zura bututun ƙarfe da igiya mai ƙarfi mutum huɗu su ɗauka, a biya su haƙƙinsu.

Ina kuma ba ƴan uwa shawara a ɗauki hoton kayan ta ko'ina da waya kafin a rufe, a tura ma mai tur ta WhatsApp, shi ma in ya gama ya ɗauka ya turo, a rubuta a takarda abin da ke ciki da aikin da ake so da lambar waya a sa cikin leda a maƙala a murfi. Takardar tana rage dogon bayani a wajen duwan, wato kwastan, tunda za a ga tsohon kaya ne aka kai gyara, hoton kuma shi ke raba gardama in abu ya lalace, a san a hannun wa ya lalace.

Roƙona ga shugabannin sandikar direbobi na Damagaram, ku ce ma ƴan kamasho kada su karɓi bilbirki ko kulas a buhu, kamar yadda ba za su karɓi gilashin mota ba kariya ba. Ga masu tur na Kano da Maraɗi kuma, dan girman Allah in an aiko muku kaya a akwati ku mayar da shi cikin akwatinsa da giris ɗinsa. Duk makaniken da ke son ganin irin nawa ya zo garaji ya auna ya kai ma kafintansa, akwati biyu gare ni, ɗaya ma yanzu haka yana Kano ina jiransa ranar Alhamis.

Na gode Malam Edita, Allah ya bar zumunci.

Naku,
Wani makanike, Sabon Gari, Damagaram