Wasiƙa Zuwa Ga Abokan Cinikinmu Kan Hasken Sikirin Da Ke Canzawa Bayan Kwamfuta Ta Farka

Assalamu alaikum, iyayenmu da 'yan'uwanmu na Shara Mansur da Misfala, da ɗalibanmu na Jami'ar Ummul Ƙura.

A 'yan watannin nan an yawaita kawo mana laftof da koke iri ɗaya: mutum ya daidaita hasken sikirin yadda idonsa ke so, ya rufe murfin ya tafi masallaci, da ya dawo ya buɗe sai ya tarar hasken ya koma ƙarshe yana kashe ido, ko kuma ya dushe ƙwarai. Wasu har sun zo da kuɗin sabon sikirin a hannu. Muna roƙonku kada ku yi wannan asara, domin in dai hasken yana ƙaruwa yana raguwa idan kun taɓa maɓallansa, sikirin ɗin lafiyarsa ƙalau.

Galibi matsalar tana ga manhajar da ke sarrafa hoto, wadda mu masu gyara muke kira direba. Idan kwamfuta ta farka daga barci, direban ne ke mayar da haske inda aka bar shi, to idan tsoho ne, ko ba na wannan samfurin ba ne, sai ya manta. A nan muke da laifi. Tun da Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba 2025, mun sauya wa da yawanku zuwa Windows 11, kuma saboda yawan aiki mun bar wasu kwamfutoci da direban da Windows ta zaɓo da kanta, ba mu sauko da na kamfanin da ya ƙera su ba. Muna neman afuwa. Duk wanda muka yi wa wannan aiki ya dawo da kwamfutarsa, za mu gyara ba tare da karɓar ko riyal ɗaya ba.

Kafin ku taso, ku gwada shiga saitin nuni, ƙarƙashin haske, ku kashe zaɓin da ke canza haske bisa hasken ɗaki, da wanda ke canza shi bisa abin da ke kan sikirin. Na biyun nan ne ya fi ruɗa mutane, domin yana rage haske idan an buɗe shafi mai duhu, mai shi kuwa ya ɗauka lalacewa ce. Ku duba tanadin batir ma, wanda ke rage haske da kansa idan caji ya yi ƙasa. Wannan ba matsala ba ce, aikinsa ke nan. Idan hasken ya maƙale bayan farkawa, danna maɓallan Windows da Ctrl da Shift da B tare yana sake tayar da direban cikin daƙiƙa kaɗan, amma maganin wucin gadi ne.

Akwai kwamfutar da dole sai an kwance ta: idan sikirin ya yi baƙi ƙirin, amma kuna hango hoto dishi-dishi in kun haska shi da tocilar waya, to fitilar bayansa ce ko wayar da ke bi ta cikin mahaɗin murfi. Kada ku ci gaba da buɗewa da rufewa, ku kawo ta.

Muna shago daga bayan La'asar har bayan Isha'i, ban da Juma'a. A zo da caja, domin sai mun gwada ta a kan batir da kuma a kan wuta kafin mu miƙa muku.

Wassalam,
Ma'aikatan shagon gyaran kwamfuta, Shara Mansur, Makka