Kyauta ne, amma wa aka ba fayil ɗin?

Malam Edita, assalamu alaikum.

Baƙonku na shirin ranar Laraba ya ce duk talakan da ke tsare a Kebbi zai samu lauya kyauta in ya nema. Shi ke nan, aka wuce. Ba wanda ya tambaye shi wane lauya, kuma wa ke zaɓensa. Nan ne gizo ke saƙar.

Dokar Tallafin Shari'a ta 2011 ta ce mai neman taimako kada samunsa ya wuce mafi ƙarancin albashi, wanda ya koma N70,000 a 2024. Lauyoyin Hukumar Tallafin Shari'a, mai bai wa talakawa lauya kyauta, ba su da yawa, don haka dokar ta yarda a ajiye sunayen lauyoyi masu zaman kansu da suka amince a miƙa musu shari'a. Sunaye kuwa ba su da amfani in ba a bi su layi-layi ba, a rubuce, tare da duba shekarun lauya a aiki da garin da yake zaune.

In babu wannan, ga abin da ke faruwa. A kira shari'ar fashi da makami, mai hukuncin kisa, wanda ake tuhuma ba lauya. Mai shari'a ya duba, ya ɗora wa wanda ya gani zaune, sau da yawa sabon lauya ko ɗan bautar ƙasa. Bai ga takardun shaidu ba, bai taɓa zama da mutumin ba, dole ya nemi a ɗage. Lauya yana Birnin Kebbi, mutumin yana gidan yarin Zuru ko Yawuri, kuɗin mota daga aljihunsa. Zuwa na biyu sai ya aiko takardar uzuri. Ɗan bautar ƙasa kuma shekara guda gare shi. In ya tafi, sabon lauya ya soma daga farko, mai jiran shari'a na nan yana ƙirga watanni.

Manyan lauyoyi fa? Dokar ta ce mai neman muƙamin SAN, wato babban lauyan Najeriya, sai ya nuna shari'u 3 da ya yi kyauta a shekarar da ta gabata. Madalla, amma a bar mutum ya zaɓa da kansa, ai mai sauƙi zai ɗauka. Ku dawo da baƙon, ku kira shugaban ƙungiyar lauyoyi ta NBA na Birnin Kebbi, su faɗa mana yadda ake rabon.

Sannan don Allah ku rage tallar maganin basir a tsakiyar shirin. Masu kiran waya ba sa samun shiga.

Naku,
Wani akawun lauya, Birnin Kebbi