Tsangwama na hana masu cutar ƙanjamau komawa sana'arsu

Ranka ya daɗe Edita,

Ina roƙon fili a jaridarka domin in yi magana kan tsangwamar da ake yi wa masu ɗauke da ƙwayar cutar HIV. A unguwarmu akwai wata baiwar Allah mai tuyar ƙosai wadda ta murmure sarai bayan ta fara shan magani, amma da labarin ya bazu sai masu saye suka watse, alhali cutar ba ta bin abinci ko musabaha. Yanzu takan hau mota zuwa wani gari domin karɓar maganinta, gudun kada ta haɗu da idon sani a layi, kuma duk watan da kuɗin mota ya gagara sai shan maganin ya tsaya.

Likitoci sun tabbatar cewa wanda ya dage da magani har ƙwayar ta daina bayyana a gwajin jini ba ya sa wa abokin zamansa. Tun 2014 Nijeriya take da dokar da ta haramta korar irin waɗannan mutane daga aiki, sai dai ba kowa ya san da ita ba. Ya kamata hukumar yaƙi da cutar ƙanjamau ta ƙasa, wato NACA, ta kai bayaninta gidajen rediyo da Hausa, ta kuma nemi limamai su taɓo batun a huɗuba.

Naka,
Mai karatu daga Kano