Baƙonku ya ce ganye ne ba ya illa, ku kuma kuka yi shiru

Malam Edita, assalamu alaikum.

Shirinku na lafiya na ranar Asabar ne ya sa na ɗauki biro, kuma ba yabo zan yi ba. Baƙon naku ya fi rabin awa yana jero sunayen itatuwan ƙasar Sin, yana cewa duk yaron da bayan gida ya yi wa tauri a dafa masa a ba shi, wai ganye ne, ba ya illa. Mai gabatarwa sai "to, to, madalla" yake ta yi. Ko sau ɗaya bai tambaye shi yaro ɗan shekara nawa ba, cokali nawa, kwana nawa za a yi ana sha. Da wata baiwar Allah ta bugo waya ta ce jaririnta na goye ne, ina jira a ce mata ta kai shi asibiti, sai na ji an ba ta lambar waya. Haba Malam!

Na yi aikin jinya a ɗakin yara har na yi ritaya, amma duk da haka abin bai tsallake gidana ba. Bara jikana, da ƙyar ya haura shekara biyu, ya shiga wannan matsala. In aka ɗora shi a fo sai ya sandare ƙafafu yana kuka, kashin ya fito ƙwaya-ƙwaya kamar na akuya, wani lokaci da ɗan jini a jiki. Uwarsa yarinya ce, haihuwar fari, ta ji kunyar ta yi ta damuna. Wata maƙwabciya ta miƙo mata shayin Chana a koren kwali, babu kalma ɗaya a jiki da za ta iya karantawa, babu lambar NAFDAC. Ta jiƙa ta ba shi da daddare. Kafin asuba ciki ya fara murɗa, gudawa ta ɓalle. Lokacin da aka kira ni idanunsa sun zurma, leɓe ya bushe, yana kuka babu hawaye, na ja fatar cikinsa ta ƙi komawa da wuri. Ruwan gishiri da sukari ma amai yake yi da shi. Sai da aka yi masa ƙarin ruwa. Na ce mata, "Ke 'yar nan, ina gidan nan da raina ki ba yaro abin da ba ki san sunansa ba?" Ta ce, "Mama, ai ganye ne." Maganar baƙonku ke nan sak.

Ƙaramin ɗana ya yi karatu a Sin, na ɗauki hoton kwalin na tura masa ta WhatsApp. Ya ce abu biyu ne a gaba: ɗaya sunansa "da huang", ɗayan "fan xie ye". Su ne kuwa baƙonku ya fi yabo. Fan xie ye ganyen sanna ne, ɗan uwan filaskon nan da iyayenmu suke wankin ciki da shi, kuma duk wanda ya taɓa sha ya san ba abin wasa ba ne, babba ma sai ya riƙe ciki. Da huang saiwa ce da ake haƙowa a tsaunukan Gansu da Qinghai da Sichuan, aikinsu kusan ɗaya: su tsokani babban hanji ya riƙa matsawa da ƙarfi, su hana shi tsotse ruwa. Abin da ke fita ba kashi kaɗai ba ne, har da ruwan jiki da gishirinsa, musamman fotashiyam da zuciya take buƙata. Yaro mai kilo goma ruwan nawa ne a jikinsa? Hukumar magunguna ta Turai ma ta ce kada a ba yaron da bai kai shekara 12 ba waɗannan ganyaye, babba kuma kada ya daɗe yana sha. I, likita yakan rubuta wa yaro sanna in ta kama, amma wanda aka auna, kuma yana bibiya. Wanda aka jiƙa a kofi wa ya auna shi?

Kada a ce ina ƙin maganin Sinawa. Maganin zazzaɓin cizon sauron da muke sha yau daga ganyensu wata masaniyarsu mai suna Tu Youyou ta ciro shi, har ta samu kyautar Nobel a 2015. 'Ya'yan tafasar nan da ake tarawa a buhu ana fitarwa, su can magani ne, har da na laushin ciki. Haɗin nan mai suna "ma zi ren wan" da baƙon ya ambata yana cikin littafin tsohon likitansu Zhang Zhongjing tun kusan shekara 1,800 da suka wuce, abu shida ne ake murzawa da zuma, kuma da huang na ciki. Amma su masu abin ba haka suke yi ba. Mai maganinsu sai ya duba harshe, ya taɓa jijiya, ya bambance wanda zafi ya busar wa ciki da wanda ƙarfi ne babu, domin na biyun in ka ba shi mai zawo ka ƙara kayar da shi. Ƙananan yara kuwa sau da yawa tausar ciki suke yi musu. Wannan duk baƙonku ya tsallake, ya tafi kan farashin kwali. Kuma tun da zuma ta shigo, ba a ba jaririn da bai cika shekara ɗaya ba zuma, wannan ma ba wanda ya faɗa.

Ita mai jaririn nan har yanzu tana raina. Jaririn da nono zalla yake sha yakan yi kwanaki bai yi kashi ba kuma lafiyarsa lau, in dai yana tsotso, ciki da laushi. Wanda kuma bai yi baƙin kashin farko ba cikin kwana biyu da haihuwa, ko ciki ya kumbura yana koren amai, wannan hanji ne zai iya toshewa, aikin likitan tiyata ne. Ka ɗura masa mai matse hanji, ka ga abin da ka yi. Ban san wanne ne nata ba, baƙonku ma bai sani ba, amma ya ba ta lamba.

Jikana dai abin da ya warkar da shi ba wani abin mamaki ba ne. Likita ya rubuta laktulos, maganin laushin kashi, na wani lokaci, aka rage masa biskit da taliyar leda, aka koma miyar kuka da kuɓewa da zogale, gwanda da lemo, ga ruwa a kusa da shi. Bayan ya ci abinci a zaunar da shi a fo ba tsawa ba duka, don tsoron zafin ne yake sa yaro ya riƙe, riƙewar kuma ta ƙara busar da shi. Ku kira likitan yara ya zo ya gyara abin da aka ɓata, a wannan fili, a wannan lokaci. In kuma kuɗi mutumin ya biya, ku faɗa mana talla ce tun daga farko.

 

Wassalam.

Tsohuwar ma'aikaciyar jinya, daga Kano