Tayil ɗin banɗaki a bangon masallaci

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni ɗan fili in amayar da abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Shekara 22 ke nan ina aikin manna tayil a nan Legas, na kuma yi wa masallatai da dama aiki, daga Agege har Idi-Araba. Kusan duk inda na je, farin tayil kwamiti ke sayowa, irin wanda muke sa wa banɗaki, a lulluɓe bango da shi har wurin tsayuwar liman. Na san dalili: damshin garin nan ba ya ƙyale fenti. Amma fa ɗakin Allah ne.

Kwanan baya ɗana ya nuna mini hotunan Masallacin Shah na Isfahan, a ƙasar Iran, sai da ya roƙe ni kafin na mayar masa da wayarsa. Sarkin ƙasar, Shah Abbas, ne ya sa aka fara ginin a 1611. A babbar ƙofar shiga, magina sun yi aiki mai cin rai: a gasa tayil mai launi ɗaya, a yayyanka shi ƙanana, a harhaɗa furanni da ayoyi guntu-guntu. Duk wanda ya taɓa yanka tayil ya san gumin da ke nan. Da sarki ya ƙagu, sai aka koma wata dabara da suke kira haft rang, wato launi bakwai. A zana ado a kan tayil mai kusurwa huɗu, a raba launukan da baƙin layi don kada su cakuɗe, a gasa gaba ɗaya. Ya fi sauri, ya fi sauƙin kuɗi, ga shuɗin nan kuwa yana ɗaukar ido bayan shekara 400. Su ma sun yi lissafin aljihu, amma ba su bari araha ta cinye kyau ba.

Mu ma ai jikokin gwanaye ne. Da ƙasa Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina Masallacin Juma'a na Zariya.

Alhazaina 'yan kwamiti, shuɗi da koren tayil suna nan jibge a kasuwar Orile, gutsattsarin da muke zubarwa kullum kuma sun isa a fitar da zanen dagi. Ku bar mana ko da bangon alƙibla. Na masallacin unguwarmu ni zan yi shi bayan Sallah in Allah ya yarda, ba sai an biya ni ladan aiki ba.

Naku,
Mai aikin tayil, Agege, Legas